Wuƙar Kwana Takwas: Kaciyar Yahudawa da Rigimar da Ta Ƙi Mutuwa

[Hoto: birnin Kolon da ƙofar kotu]

A watan Nuwamban 2010, a birnin Kolon na ƙasar Jamus, wasu iyaye Musulmi suka kai ɗansu mai shekara 4 wajen likita a yi masa kaciya. Aka yi, aka koma gida. Bayan kwana biyu jini ya ɓalle, uwar ta ɗauke shi a guje sai asibiti. Likitoci suka tsayar da jinin, yaro ya samu lafiya, amma magana ta riga ta kai kunnen masu gabatar da ƙara. Aka gurfanar da likitan da ya yi kaciyar.

Ranar 7 ga Mayun 2012 kotun yankin ta yanke hukunci. Ta sallami likitan, ta ce bai san ya taka doka ba tunda dokar kanta ba a fayyace take ba. Sai dai ta ƙara da wata magana da ta girgiza ƙasar: yi wa yaro kaciya ba don wata larurar lafiya ba, jikkata shi ne, ko da iyayensa sun yarda, ko da addini ne ya sa.

Yaron Musulmi ne. Amma waɗanda hankalinsu ya fi tashi Yahudawa ne. Asibitin Yahudawa na Berlin ya dakatar da kaciya. Shugaban taron malaman Yahudawa na Turai, Pinchas Goldschmidt, ya ce tun bayan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi musu ba a kai wa rayuwar Yahudawa hari irin wannan ba. Wani zai ce ai wannan zuzutawa ce, hukuncin kotu ɗaya a kan yaro ɗaya. To, kafin mu yanke musu hukunci, mu shiga ɗakin da ake yin abin mu gani.

[Hoto: jariri a kan matashi, kujera babu kowa a kai]

Suna kiran bikin brit mila. Brit alkawari, mila kaciya. Da safe ake yi galibi, a majami'a ko a falon gida. Uwa ta miƙa jaririn ga wata mata, ita kuma ta miƙa wa mijinta ya shigo da shi cikin taro. A wasu gidajen, ma'auratan da ke neman haihuwa ake ba wannan aiki don su samu tubarraki. Da an shigo da shi kowa ya miƙe tsaye, a ce baruk haba, wato barka da zuwa.

A gefe akwai kujera da ba mai zama a kanta. Ta Annabi Ilyasu ce, a cewarsu, don sun yi imani yana halartar kowace kaciya. A ɗora jariri a kanta na ɗan lokaci, sannan a sa shi a cinyar wani dattijo da suke kira sandek, yawanci kakan yaron, shi zai riƙe ƙafafun. Mai yin kaciyar shi ne mohel. Idan kuna so ku ce wanzaminsu, ba ku yi nisa ba, sai dai shi ba ya aski ba ya ƙaho, kuma dole ya san hukunce-hukuncen addini kamar yadda ya san wuƙa. Yana da wani ɗan ƙarfe mai tsaga a tsakiya da yake zura loɓar a ciki don ya kare kan gaban, sai wuƙa mai kaifi biyu. Yankan kansa daƙiƙoƙi ne. Uban ya yi addu'ar shigar da ɗansa cikin alkawarin Ibrahim, jama'a su amsa: yadda ya shiga alkawari, Allah ya shigar da shi karatun Attaura, da aure, da ayyukan alheri. A ɗiga masa ruwan inabi a baki, sannan a faɗi sunansa, wanda har zuwa lokacin iyaye ke ɓoyewa. Daga nan sai cin abinci.

Kun ga ke nan, a wajensu kaciya da suna abu ɗaya ne.

Asalin abin yana cikin littafin Farawa, sura ta 17. A can aka ce Allah ya ƙulla alkawari da Annabi Ibrahim, alamarsa kuwa a jiki za ta kasance: duk ɗa namiji a yi masa kaciya yana da kwana takwas. Nassin ya ce Ibrahim yana da shekara 99 a lokacin, Isma'ila 13, Ishaƙu kuwa da aka haife shi daga baya kwana takwas aka yi masa. Aya ta 14 ta ce wanda ba a yi wa ba, za a yanke shi daga cikin jama'arsa. A ruwayar Bukhari, shekara 80 aka ambata ga Annabi Ibrahim, alaihis salam. Lissafi ya bambanta, tushe ɗaya ne.

Ku riƙe maganar kwana takwas ɗin nan, don ita ce gaɓar rigimar duka. Yahudawa na ƙirga ranar haihuwa a matsayin rana ta farko. Wanda aka haifa Talata da rana, Talata mai zuwa za a yi masa. Daidai da zagayowar ranar suna a wajenmu. Kuma ranar tana da ƙarfin da ko ta faɗo Asabar, ranar da mai riƙo da addini ba ya kunna wuta, ba ya tuƙa mota, ba ya rubutu, sai an yi kaciyar. Ko ta faɗo Yom Kippur, ranar azuminsu mafi tsarki, sai an yi. Babban abin da ke ɗage ta shi ne lafiyar jaririn. Idan shawara ta kama shi, ko an haife shi bakwaini, ko yana zazzaɓi, a jira.

A nan akwai wani abu da ya burge ni. Talmud, kundin fiƙihunsu da aka kammala kimanin shekara 1,500 da suka wuce, ya ce idan mace ta yi wa 'ya'yanta biyu kaciya suka mutu, kada a yi wa na uku. Wani malamin ya ce sai an rasa uku. Har aka kawo labarin wasu mata huɗu 'yan uwa ɗaya a garin Tzippori, uku suka rasa 'ya'yansu bayan kaciya, aka hana ta huɗun. Dalilin da suka bayar shi ne akwai dangin da jininsu ba ya saurin daskarewa. Cutar rashin daskarewar jini ke nan, wadda ke bin ɗiya maza ta ɓangaren uwa, sun gano hanyarta tun kafin likitoci su ba ta suna.

Su ma malamanmu sun san da wannan rana. A littattafan Malikiyya an karhanta yin kaciya ranar bakwai, kuma dalilin da aka faɗa ƙarara shi ne aikin Yahudawa ne. An fi so a jira yaro ya fara famfara, ya kai lokacin da ake umurtarsa da salla. Shi ya sa a ƙasar Hausa ta da, sai yara sun kai shekara shida ko bakwai ake tara su lokacin hunturu a kira wanzami. Yanzu da yawa asibiti suke kai jarirai tun ana jego, ba wanda ya ce addininsu ya taɓu. Musulmi yana da sarari a lokaci. Bayahude mai bin addini ba shi da shi. Idan ka ce masa ya jira sai ɗansa ya cika 18 ya zaɓa da kansa, a kunnensa cewa ka yi ya bar abin ɗungurum.

[Hoto: tsofaffin kuɗin ƙarfe masu hoton sarakunan Girka da Rum]

Kuma ba yau aka fara ce musu su bari ba. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Antiyokus na Huɗu ya haramta kaciya a Urushalima. Littafin Makabiyawa na ɗaya ya ce matan da suka yi wa 'ya'yansu, an kashe su an rataya musu jariran a wuya. Wannan na cikin abin da ya haddasa tawayen da har gobe suke tunawa da shi a bikin Hanuka. A zamanin ma akwai samarin Yahudawa da ke jin kunyar shiga filin wasannin Girkawa, inda ake motsa jiki tsirara, har suka riƙa jan fata don su ɓoye kaciyarsu. Ƙarni uku bayan haka sarki Hadriyan na Rum ya kafa dokar da ta shafi kaciya, magajinsa Antoninus Fiyus ya sassauta, ya bar Yahudawa su yi wa 'ya'yansu kawai. A Tarayyar Sobiyet a ɓoye ake yi, ko a bari, shi ya sa da ƙasar ta wargaje ɗimbin magidanta da suka yi hijira zuwa Isra'ila suka kwanta a gadon asibiti da furfurarsu. A zamanin Hitila kuwa, hanyar gane Bayahuden da ya saje da mutane da takardun bogi ita ce a ce ya sauke wando.

Da wannan tarihin a ƙwaƙwalwa suka ji hukuncin Kolon, kuma daga kotun Jamus.

Amma kuskure ne a ɗauka duk mai sukar kaciya maƙiyin Yahudawa ne. Tun daga cikin gida ake musu. A 1843 wata ƙungiyar 'yan zamani a Frankfurt ta ce kaciya ba dole ba ce, aka yi ta kai ruwa rana. Abraham Geiger, jigo a tafiyar gyaran addinin Yahudanci, ya kira ta aikin jini na rashin wayewa a wata wasiƙa ta sirri, ko da yake a fili bai nemi a soke ta ba. Theodor Herzl, uban aƙidar kafa ƙasar Isra'ila, bai yi wa ɗansa Hans kaciya yana jariri ba. Yau a Amurka da Isra'ila akwai 'yan tsirarun iyaye da ke yin bikin da suke kira brit shalom, a yi addu'a a raɗa suna ba wuƙa. Tsiraru ne ƙwarai. Yahudawan da ba su san ƙofar majami'a ba, masu cin duk abin da suka ga dama, mafi yawansu idan an haifa musu namiji sai sun nemi mohel.

To mu zo ga ɓangaren da ya fi wuyar faɗa.

[Hoto: ƙaramin bututun gilashi a kan tire]

Mishna, tsohon littafin hukunce-hukuncensu da Talmud ya ginu a kansa, ta lissafa matakai uku a kaciya: yanke loɓa, yaye siririyar fatar da ke ƙarƙashinta, da tsotse jini daga raunin. Na ukun sunansa metzitza. Malaman farko sun sa shi ne don lafiya, a fahimtar likitancin zamaninsu jinin da ya kwanta a rauni yana jawo cuta. Kuma da baki ake yi.

A 1837 jarirai da dama suka kamu da ciwo a birnin Biyana na Ostiriya bayan mohel ɗaya ya yi musu, wasu suka mutu. Aka tambayi Moshe Sofer, malamin da ya yi suna wajen ƙin duk wata bidi'a, sai ya halatta a yi amfani da soso maimakon baki. Kafin ƙarshen ƙarnin aka fito da bututun gilashi, a tsotsa ba tare da baki ya taɓa rauni ba. Yau mafi yawan Yahudawa bututu ko auduga suke amfani da su. Amma wasu daga cikin masu tsananin riƙo, musamman wasu ɗariƙun Hasid, masu kama da sufaye a cikin Yahudawa, sun ce a'a, tsotso da baki ɓangare ne na ibadar.

Matsalar ita ce ƙwayar cutar nan da ke fito da ƙuraje a leɓe, wadda likitoci ke kira hapis. Manya da yawa suna ɗauke da ita ba su ma sani ba. Ga babba, ɗan ƙurji ne na mako guda. Ga jaririn da garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, tana iya hawa ƙwaƙwalwa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan birnin New York: daga ƙarshen 2000 zuwa ƙarshen 2011, jarirai 11 sun kamu bayan kaciyar da aka tabbatar ko ake kyautata zaton an yi tsotso da baki. Biyu sun mutu, biyu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Gwamnatin magajin gari Michael Bloomberg ba ta haramta ba, cewa kawai ta yi iyaye su sa hannu a takarda cewa an gaya musu haɗarin. Malaman suka garzaya kotu, masu kaciyar suka yi biris da takardar. A 2015, ƙarƙashin magajin garin da ya gaje shi, Bill de Blasio, aka soke dokar.

Ni dai a nan ban ga abin musu ba. Abin da aka kafa don a tsare ran jariri, idan ya tabbata shi ne ke ɗauke ran, hujjarsa ta faɗi, kuma ba daga bakin 'yan boko ta fara faɗuwa ba. Addinin da ya ce a bar kaciyar kanta saboda 'yan uwa biyu sun mutu, ba zai rasa hanyar barin tsotso da baki ba. Abin takaici, masu son a haramta kaciya baki ɗaya sukan ɗauko wannan su shafa wa kowa kashin kaji, su kuma masu kare ta sukan yi shiru a kai don kada su ba abokin gaba makami.

Idan aka ajiye wannan gefe, sai ainihin tambayar ta fito: jikin jariri, wa ke da iko da shi?

Masu suka suna cewa yanka ne da ba ya komawa, a jikin wanda ba shi da ciwo, ba shi da bakin cewa e ko a'a. Suna cewa jariri na jin zafi, kuma gaskiya ne, likitoci sun daɗe da barin tunanin cewa ba ya ji. Suna cewa 'yancin addinin uba ya ƙare a inda fatar ɗansa ta fara. Masu karewa suna cewa iyaye kullum yanke wa yara shawarar da ba ta komawa suke yi, harshen da za su tashi da shi, garin da za su girma, rigakafi, makaranta. Kuma barin yaro ba kaciya a cikin jama'ar da kowa ke da ita, shi ma zaɓi ne aka yi masa. Suna ƙarawa da cewa ta jariri ta fi ta babba sauƙi da saurin warkewa.

Za ku ce to a tambayi likitoci mana. An tambaye su, sun rabu gida biyu, kuma kusan teku ce ta raba su. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce amfanin kaciyar jarirai ya rinjayi haɗarinta, amma bai kai a ce kowa ya yi ba. Ta ambaci raguwar ciwon mafitsara a shekarar farko, da wasu cututtukan saduwa, da sankarar gaba. Shekara ta zagayo likitoci 38, galibinsu daga Turai, suka mayar da martani cewa al'ada ce ta rufe wa Amurkawa ido, tunda yawancin mazansu masu kaciya ne. Amurkawan suka ce ku ma taku al'adar ce ke magana. Ƙungiyar likitocin Holan kuwa tun 2010 ta nemi a riƙa hana iyaye ta hanyar lallashi. Amma ba ta nemi doka ba, don tsoron kada a koma yi a ɗakin baya da hannun wanda bai iya ba, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Akwai kuma binciken Afirka da kowa ke jawowa ɓangarensa. Gwaje-gwaje uku, a Orange Farm na Afirka ta Kudu, Kisumu na Kenya, da Rakai na Uganda, sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin ɗaukar ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin hanyoyin kariya a ƙasashen da cutar ta yi katutu. Sai dai samari da magidanta aka yi wa, da yardarsu. Kuma ko da gobe aka wayi gari an ce ba ta da amfanin lafiya ko ƙwaya ɗaya, mohel ba zai ajiye wuƙarsa ba. Ba don mafitsara yake yi ba.

[Hoto: zauren majalisar dokokin Jamus]

A Jamus ba a ja dogon lokaci ba. Shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta gaya wa 'yan jam'iyyarta ba ta so ƙasarta ta zama ita kaɗai ce a duniya da Yahudawa ba za su iya yin ibadarsu ba, ta ce za su zama abin dariya. Yahudawa da Musulmi suka fito zanga-zanga tare a Berlin, a lokacin da ba kasafai suke haɗuwa a inuwa ɗaya ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta, kuma a lissafi ma Musulmin Jamus sun ninka Yahudawanta sau da yawa. Ranar 12 ga Disamban 2012 majalisa ta amince da sabuwar doka, ƙuri'a 434 da 100, wasu 46 suka ƙaurace. Iyaye na da ikon sa a yi wa ɗansu kaciya muddin an bi ƙa'idar likitanci, har da rage zafi. A cikin wata shida na farko kuma, wanda al'ummar addini ta naɗa zai iya yi ko ba likita ba ne, idan ya samu horo daidai da na likita a wannan aikin. Wata shidan nan ƙofa ce da aka bar wa mohel.

Suwidin tun 2001 ta bi hanya makamanciyar wannan: dole a ba da maganin kashe zafi, dole likita ko ma'aikaciyar jinya su kasance a wurin. A San Francisco an tara sa hannu a 2011 don a kaɗa ƙuri'ar haramtawa, alƙali ta cire batun daga takardar zaɓe. A Aislan, ƙasar da Yahudawanta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wata 'yar majalisa mai suna Silja Dögg Gunnarsdóttir ta kawo ƙudiri a 2018 mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 6. Hujjarta ita ce tun 2005 ƙasar ta haramta kaciyar mata, don me za a bar ta maza? Hujjar na da daɗin ji, amma haɗa su a ma'auni ɗaya ganganci ne, illar da ake yi wa mata ta wuce nan nesa, kuma ita ba a gano mata wani amfani na lafiya ba. Ƙudirin ya kwanta a kwamiti. A Denmak koken jama'a ya samu sa hannun mutum 50,000, abin da ya tilasta wa majalisa tattaunawa. Firaminista Mette Frederiksen ta ce ƙasar ta yi wa Yahudawanta alkawari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ita kuma ba za ta karya shi ba. A 2021 majalisa ta yi watsi da haramcin.

Har yanzu ba ƙasar Turai da ta haramta kaciyar maza kai tsaye. Faɗan ya koma kan hannun da ke riƙe wuƙar. A watan Mayun 2025, da sassafe, 'yan sanda suka shiga gidajen wasu masu kaciya a unguwar Yahudawa ta birnin Antwerp na Beljiyam, bisa zargin suna aikin da doka ta keɓe wa likitoci. Ƙorafin daga wani ɗan cikin al'ummar ya fito. Suka bincike gidajen, suka tafi da wuƙaƙen.